Ukun da Aka Rubuta wa Ozell Tolliver

Duk wanda ya koyi golf a filin gwamnati na garin Dabney, can jihar Georgia, ya sha baƙar magana a bakin Ozell Tolliver. Ba ya ashar, ba ya ɗaga murya. Zai tsaya a bayanka ne ya harɗe hannuwa a ƙirji, in ka kai bugu ka kwashe ƙasa ka bar ƙwallo a inda take, ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Ciyawar nan ba ta yi maka komai ba. In noma ka zo yi, faɗa mini in kawo maka fartanya." Likita ne kai ko direban bas, duk ɗaya ne a wurinsa. Matasa sukan ce tsohon baƙar zuciya gare shi. Waɗanda suka san shi tun yana saurayi sukan ce ba haka aka haife shi ba.

A shekarar 1921 aka haife shi, a unguwar baƙaƙen fata da ke bayan layin dogo. Mahaifinsa, Hosea, shi ne mai yankan ciyawa a kulob ɗin fararen fata na bakin kogi. Shekara talatin da huɗu yana tura injin yanka a kan filin da bai taɓa buga ƙwallo a kansa ba, har bayansa ya ranƙwafe. Ozell yana da shekara goma sha ɗaya ya fara ɗaukar wa masu wasa jakar sanduna. Ranar Litinin kulob ba ya buɗewa, don haka akan bar masu ɗaukar jaka su buga nasu, muddin sun fice kafin tsakar rana. Da wata tsohuwar sanda guda ɗaya, wadda wani alƙali ya yi fushi ya jefa cikin kogi shi kuma ya nutsa ya ɗauko, Ozell ya koyi duk abin da wasu ke koya da sanduna goma sha huɗu. Kafin ya cika sha takwas babu wani mai jan kunne a kulob ɗin da zai iya tsayawa da shi, kuma duk sun sani.

Yaƙin duniya ya zo, aka ɗauke shi soja, ya yi shekara uku yana tuƙa babbar mota a Italiya. Da ya dawo ya auri Verlene, malamar firamare, doguwar mace marar yawan surutu wadda in ta faɗi abu sau ɗaya ba ta maimaitawa. Suka haifi 'ya ɗaya, Ardelia.

A lokacin, ƙungiyar da ke shirya manyan gasa na ƙasar tana da doka a rubuce, cewa farar fata kaɗai ke shiga. Baƙaƙe suna da tasu gasar, wadda suke yi a filayen gwamnati masu ramuka da sanƙo a biranen arewa. Duk bazara Ozell yakan cika motarsa da sanduna da soyayyar kazar Verlene ya kama hanya, ya dawo da kofi. Sau biyar yana zama zakara. Kofunan suka jeru a kan akwatin rediyo a falonsa, jaridun fararen fata kuwa ko layi ɗaya ba su taɓa rubutawa ba. In ya dawo gida ya koma ɗan ɗakin da ke bayan kulob, inda yake gyaran sanduna. Ta ƙofar bayan nan manyan garin ke saɗaɗowa ɗaya bayan ɗaya, ya gyara musu riƙo da tsayuwa, su fita gaba su ci gasa a tafa musu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tukuici.

Ta wannan ƙofar aka kawo masa Dalton Rusk, ɗan mai kantin magani, yana ɗan shekara goma sha huɗu, siriri, kunnuwa kamar faifai. Shekara tara Ozell yana koya masa. Shi ya gyara masa kafaɗa, shi ya hana shi ɗaga kai kafin sanda ta taɓa ƙwallo, shi ya zaunar da shi a gindin bishiya ranar da ya fara faɗuwa a gasa yana kuka. Duk tsawon shekarun nan Ozell na ce masa "Mista Dalton", shi kuma yana cewa "Ozell" gatsau, domin haka garin yake. Da tsohon malamin golf na kulob ya yi ritaya a 1957, aka ba Dalton kujerar. Ya zo ɗakin baya yana sosa ƙeya.

"Ozell, ka san ba ni na nema ba."

"Na sani, Mista Dalton."

"Amma za ka ci gaba da duba mini buguna, ko?"

"Ai aikina ne," in ji Ozell, ya ci gaba da naɗa fata a jikin sandar da ke hannunsa. Ya ja fatar har ta tsinke.

Ƙarshen 1961 ƙungiyar ta soke dokar nan. Cleotis, ƙanin Verlene, mai shagon aski a unguwar, shi ya fara gani a jarida. Ya bar mutum da rabin kai a aske ya taho da gudu.

"Mijin yaya, an buɗe maka ƙofa. Tashi ka shafa wa gwiwoyinka mai."

Ozell ya karanta sau biyu, ya ninke jaridar ya miƙa masa. "Shekarata arba'in, Cleotis. Sun jira haƙoran kura sun zube sannan suka kwance ta."

"To ka cije su da dasashi."

Da bazara ta kama, aka ce babbar gasa za ta sauka a Dabney, a kulob ɗin bakin kogi. Kafin ta, ranar Litinin, za a yi wasan tantancewa: mutum sittin, gurbi huɗu, ramuka goma sha takwas, waɗanda suka fi ƙarancin bugu su ne za su wuce. Ozell ya cike takarda. Suka juya ta, suka jinkirta, suka rasa hujja, suka karɓa. Ranar wasan ba a bar shi ya shiga ɗakin canza kaya ba. A cikin motarsa ya zauna ya ɗaura takalmi, ƙafafu a waje, yana kallon ciyawar da ubansa ya mutu yana yanka. Cleotis ya rufe shago ya zo ɗaukar masa jaka, duk da bai san wace sanda ce ta me ba. Verlene ta nemi izini a makaranta ta zo ta zauna a mota da kwandon abinci.

Bibbiyu ake fita, kuma kowane ɗan wasa shi ke rubuta wa abokin tafiyarsa yawan bugunsa a kati, rami bayan rami. A ƙarshe mai katin ya duba ya sa hannu. Duk cikin mutum hamsin da taran nan babu wanda ya yarda ya fita da Ozell, sai aka haɗa shi da Dalton. Ozell ya ji daɗin haka. Ya ce a ransa, ko ba komai yaron gida ne.

Tun daga rami na farko aka fara. Zai ɗaga sanda, wani a cikin 'yan kallo ya kaɗa kwabbai a aljihu. Wani ya ce, "Kai yaro, ajiye sandar nan ka ɗauko mini jakata." Aka yi dariya. Ozell bai waiwaya ba. Ya buga, ƙwallon ta tashi ta yi ta tafiya kamar ba za ta sauka ba, ta dira tsakiyar fili. Dariyar ta mutu.

"Wanda ya kira ka yaro, gashin kansa ni zan iya gyara masa," Cleotis ya raɗa masa suna tafiya. "Kamar akuya ce ta yi masa aski."

"Rufe mini baki ka miƙo sanda mai lamba bakwai."

"Wacce ce?"

"Wadda aka rubuta bakwai a jikinta, jakin banza."

A rami na tara suka tarar an take ƙwallonsa cikin laka, sawun takalmi ɓaro-ɓaro a kanta. Jami'in da ke bin su ya ce shi bai ga komai ba, a buga daga inda take. Ozell ya buga daga inda take, laka ta fantsamo masa a fuska, ƙwallon ta je ta kwanta taku uku daga tuta. Bai goge fuskar ba sai da ya jefa ta rami. Dalton kuwa wasansa ya dagule tun da wuri. Yana ta gumi, yana rubutu a kati ba ya haɗa ido da kowa.

Rami na goma sha bakwai gajere ne, tafki a gaba, yashi a dama. Ƙwararre bugu uku yake yi a can. Iska ta taso, hadari ya haɗo, ƙwallon Ozell ta kauce ta faɗa yashi. Ya fito da ita, ya tura ta wuce bakin ramin da kaɗan, ya sake turawa ta shiga. Bugu huɗu. Ya ciji leɓe ya wuce. A na ƙarshe ya rama, ya gangaro da ƙwallon daga nesa ta bi tudu ta karkata ta faɗa rami, har wasu fararen fata biyu uku suka manta suka tafa. Bugu sittin da tara a lissafinsa. Daidai nan ruwa ya kece.

Teburin karɓar kati yana cikin babban zauren kulob. Ozell ya doshi ƙofa, shugaban jami'an, wani jibgegen mutum mai jar fuska, ya tare shi da hannu.

"Zagaya ta kicin. Za a kawo maka."

A bakin ƙofar kicin ya tsaya, ruwan indararo na zuba masa a wuya, kusa da durom ɗin shara. Aka miƙo masa katin da guntun fensir. Kafin ya buɗe shi ya jiƙe, lambobin sun fara narkewa.

"Sa hannu, yaro, mutane na jira," in ji mai jar fuskar.

Ozell ya san cewa ana bin kati rami-rami kafin a sa hannu. Shi ya koya wa Dalton haka. Amma idonsa ya rufe, jininsa na tafasa, abin da yake so kawai ya bar gaban mutumin nan kafin hannunsa ya aikata abin da zai kai shi gidan yari. Ya dangwala sunansa ya juya.

Suna zaune a mota su uku, gilashi ya yi hazo, Verlene na miƙa masa burodin masara da kaza, sai aka fito aka rubuta sakamako a babban allo. Cleotis ya goge gilashin da hannun riga ya leƙa.

"Sittin da takwas. Kai ne na ɗaya, mijin yaya. Kai ne a sama da dukkansu."

Ozell ya ajiye cinyar kazar. Ya fita cikin ruwa ya je gaban allon ya bi lambobin da ido. A rami na goma sha bakwai an rubuta uku. Ya dawo ya zauna, ruwa na ɗiga daga hularsa.

"Huɗu na buga a sha bakwai. Uku ya rubuta."

"To sai me?" in ji Cleotis. "Ko da huɗun ai ka wuce."

"Ba haka dokar take ba. Wanda ya sa hannu a kan abin da bai kai bugunsa ba, korarsa ake yi."

Cleotis ya matso da kansa tsakanin kujeru.

"Wa ya sani? Kowa ya gudu da ganin hadari lokacin da kake can. Shekara nawa suna cutarka? Yau Allah ya sa sun yi kuskure ɗaya a wajenka, za ka ɗauka ka mayar musu? Tayar da mota mu tafi."

Ozell ya dubi matarsa. Ta ɗauke ido daga allon ta juyo gare shi.

"In ka yi shiru suka tono gobe, ba za su ce Ozell Tolliver ya yi sata ba. Cewa za su yi haka muke dukanmu, su rufe ƙofar su ce mu muka ja. Kuma ko ba su tono ba, kai ka sani, ni ma na sani."

"Yaya, wannan ba ajin 'yan firamare ba ne."

"Ba da kai nake ba, Cleotis."

Ozell ya buɗe ƙofar mota. Wannan karon bai zagaya ta kicin ba. Ta babbar ƙofa ya shiga, takalminsa na zubar da laka a kan darduma. Ya tsaya gaban tebur ya faɗi abin da ya faru. Mai jar fuskar ya jawo katin ya duba, ya jingina da kujera, bakinsa ya ɗan motsa kamar mai danne murmushi.

"Ka kyauta da ka faɗa. Amma ka san doka. Hannuna a ɗaure yake."

"Doka," in ji Ozell. "Shekara ashirin doka ce ta tsare ni a waje. Yau doka ta tsayar da ni kusa da shara in sa hannu cikin ruwa. Yanzu kuma doka ta kore ni. Wai ita dokar nan taku ba ta da wani aiki sai ni?"

"Ka iya bakinka, yaro."

"Shekarata arba'in da ɗaya. Na girme ka."

Ya fita. A wajen ajiye motoci ya tarar da Dalton yana cusa jakarsa a but ɗin motarsa cikin sauri. Da ya ga Ozell ya tsaya cak, fuskarsa ta yi fari fat.

"Ozell, kuskure ne. Na rantse da Allah. Kaina ya ɗauki zafi, wasana ya lalace, ban san me nake rubutawa ba."

"Kana tsaye a gefena na shiga yashi. Kai ka miƙo wa Cleotis manjagara ya share sawuna."

"Na ce maka kuskure ne."

"Dube ni, Dalton."

Karo na farko ke nan da ya kira sunan ba tare da Mista ba. Dalton bai dube shi ba. Ya rufe but ya shiga mota ya ja. Mutumin da ya ɗauki gurbi na huɗu a ranar, bugu saba'in da biyu ya yi.

Ozell bai sake taka kulob ɗin ba, ko kayan aikinsa bai je ɗauka ba. Shekara huɗu ya yi yana bin manyan gasa daga jiha zuwa jiha, inda aka hana shi masauki ya kwana a mota, inda aka hana shi abinci ya ci biskit. Wani lokaci yakan wuce tantancewa, har ya taɓa zuwa na goma sha biyu a wata gasa a yamma. Amma yara 'yan shekara ashirin da biyar yake karawa da su, bayansa na ciwo, sannan wani abu ya kama hannuwansa. Daga nesa bugunsa na nan yadda yake. In ƙwallo ta zo taku biyu da rami, sai yatsun su hau rawa kamar mai jin sanyi, sanda ta zabura da kanta. A 1966 ya tura ƙwallo sau huɗu daga taku uku a gaban jama'a, ya tattara kayansa ya dawo Dabney. Ya karɓi aikin koyarwa a filin gwamnati, wanda kotu ta tilasta a buɗe wa kowa.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Mutanen kulob sun yi masa nisa, Verlene kuwa tana nan a gabansa kullum. Bai taɓa ce mata ke kika ja mini ba, amma in ta sa masa abinci ya ci ba magana, in ta tambaye shi yadda aiki yake ya ce da ita "yadda doka ta ce". Ranar da Rabaran, limamin cocinsu, ya kawo labarinsa a wa'azi, ya ce ga mutumin da ya zaɓi gaskiya a kan duniya, Ozell ya miƙe tsakiyar coci ya ɗauki hularsa ya fita, bai sake komawa ba. Ardelia ta taso da hannun ubanta, tana ɗaga sanda kowa ya tsaya kallo. Ya sa ta gaba, safe da yamma, ba yabo sai gyara, in ta yi kuka ya ce waɗanda za ta haɗu da su ba za su miƙa mata hankici ba. Tana da shekara goma sha shida ta zube sandunan a gabansa ta ce, "Baba, ba ni na rubuta maka katin nan ba." Ta yi karatun jinya, ta tafi Ohio, sai bikin Kirsimeti ake ganinta.

Wata rana da la'asar a watan Agusta na 1989, Ozell na zaune a inuwar rumfar filin yana shan shayi mai ƙanƙara, wata doguwar mota ta tsaya. Wani mutum ya fito da ƙyar, riga ta yi masa yawa, yana tafiya yana tsayawa ya ja numfashi. Da kunnuwan Ozell ya gane shi.

"Mista Tolliver," in ji Dalton. "Zan iya zama?"

"Kujerar gwamnati ce."

Ya zauna. Ya ce ciwon daji ne a huhu, likitoci sun ce ba zai ga sabuwar shekara ba. Ozell bai ce sannu ba. Dalton ya yi ta juya hularsa a kan gwiwa.

"Ba kuskure ba ne," ya ce. "Kwana biyu kafin wasan, mutum uku daga cikin shugabannin kulob suka kira ni. Suka ce in ka shiga gasar a filinsu, ni da aikina mun rabu, kantin babana ma ba wanda zai sake taka shi. Su suka tsara. In rage maka bugu ɗaya, in ka sa hannu in je in kai ƙara."

"Na daɗe da sani. Shekara ashirin da bakwai ka ɗauka kafin ka kawo mini abin da na sani tun a wajen ajiye motoci?"

"Akwai wanda ba ka sani ba." Dalton ya yi tari mai tsawo, ya goge baki. "Ban kai ƙarar ba. Na je har bakin teburin na kasa. Na ce su kore ni in sun ga dama. Shi ya sa ka tarar ina gudu. Su ba su san a wane rami na yi ba, ba su da shaida in ba ni ba. Da ka yi shiru, Mista Tolliver, da ka shiga."

Ozell ya ajiye kofin a hankali. Can nesa wani yana buga ƙwallo, ƙarar na zuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Me ka zo nema?"

"Ina so ka san ban ƙarasa ba. Ina so ka yafe mini kafin in tafi."

"Ka haƙa rami, ka tura ni bakinsa, ka gudu, yanzu ka zo in gode maka don ba kai ka yi turin ƙarshe ba. Lokacin da na shiga zauren nan kana ina? Taku hamsin tsakaninka da teburin. Da ka dawo ka buɗe baki ka faɗi wanda ya sa ka, ko ba su mayar da ni ba, da garin nan ya ji. Ka riƙe aikinka, ko ba ka riƙe ba?"

"Na riƙe."

"Shekara nawa?"

"Har bara."

"To ka ci ribarka. Ba wai ka zo ne don ni ba, Dalton. Kaya ne suka yi maka nauyi za ka hau tudu, kake neman inda za ka sauke. Na ɗaukar wa ubanka jaka, na ɗaukar maka. Wannan kai za ka ɗauka da kanka."

Dalton ya dafa tebur ya miƙe ya koma motarsa. Ozell bai bi shi da kallo ba.

Ya rufe rumfa tun rana ba ta faɗi ba ya tafi gida. Verlene na bayan gida tana tsinkar wake a cikin kwano, gashinta ya yi fari tas. Ya tsaya a kanta ya kwashe duk abin da Dalton ya faɗa ya gaya mata, ya ƙare da cewa, "Da na bi maganar Cleotis, da na shiga. Kin ji? Da na shiga."

Ta ajiye kwanon a ƙasa.

"Zauna, Ozell."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya ka ji. Shekara ashirin da bakwai ina cin abinci da mutumin da ba ya kallona. Na yi shiru don na san an cuce ka. Amma ni ban tsayar da kai kusa da shara ba, ban rubuta uku ba, kuma ba ni na buɗe maka ƙofar mota ba. Kai ka dube ni don ka riga ka san abin da za ka yi, kana neman wanda zai faɗa da baki. Na faɗa. Ko yau aka mayar da mu cikin motar nan haka zan faɗa. Kana tsammani kai kaɗai aka yi wa sata ranar? Miji na kai filin nan, mai dariya, mai waƙa in yana aske gemu. Har yau ba su dawo mini da shi ba. 'Yata ma ka kore ta. In fushi ne, ni ma ina da nawa, ban dai sami wanda zan sauke wa ba."

Ozell bai taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗauki kwanon ya ci gaba da tsinkar waken. Ba ta hana shi ba.

Dalton ya mutu a watan Nuwamba. Matarsa ta aiko da takarda tana roƙon Ozell ya zo jana'iza. Bai je ba, bai kuma ba da amsa ba.

Shekara huɗu bayan haka majalisar garin ta kawo shawarar sayar da filin gwamnati a gina kantuna. Ozell, yana da shekara saba'in da biyu, ya sa kwat ya je zauren taro. Minti uku ake ba kowa. Ya yi ashirin. Ya kira 'yan majalisar ɗaya bayan ɗaya da sunayen iyayensu, ya tambaye su ina suke so ɗan direban bas ya je ya buga. Suka kashe masa lasifika, ya ci gaba da muryarsa, har ɗan sanda ya zo ya kama shi a gwiwar hannu cikin ladabi ya raka shi waje. Mako biyu bayan nan, da safe, ya sunkuya zai ɗaura takalmi, zuciyarsa ta tsaya.

Majalisar ta sayar da rabin filin, ta bar ramuka tara. Verlene ta rufe gidan ta koma Ohio wurin Ardelia, inda ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya.